Sharhi: Yadda Masoya Kiɗan Simfonik Metal Ke Karɓar Gwanayensu a Filin Wasa

Kiɗan simfonik metal reshe ne na kiɗan metal wanda ya haɗa abubuwa biyu da a da ake ganin ba sa ga maciji da juna. A gefe guda akwai jita mai aiki da lantarki, da ganguna masu ƙarfin duka, da ƙara mai girgiza ƙasa. A ɗaya gefen akwai kiɗan okestra na Turai, wato taron makaɗa masu goge manya da ƙanana, da masu busa ƙaho da sarewa, tare da rukunin mawaƙa masu haɗa murya. A mafi yawan ƙungiyoyin da suka yi fice mace ce ke jan waƙa, sau da yawa da irin muryar da ake horarwa domin wasan opera. Wanda ya saurari wannan kiɗa a faifai, ko dai ya so shi ko ya ƙi shi. Amma waɗanda suka taɓa tsayawa a gaban dandamali suka ga makaɗan ido da ido, kusan bakinsu ɗaya ne a kan cewa gani ya kori ji. Wannan ne ke sa mutum ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya tsallaka iyakar ƙasarsa, ya wuni a layi, duk domin wasan da bai wuce sa'a biyu ba.

Salon ya tsaya da ƙafafunsa ne a tsakiyar shekarun 1990, a arewacin Turai. A 1996 ƙungiyar Therion ta ƙasar Suwidin ta fitar da kundinta mai suna Theli, inda mawaƙa masu haɗa murya da salon okestra suka zauna daram a tsakiyar kiɗan metal. A cikin wannan shekara ce aka kafa Within Temptation a Holan, aka kuma kafa Nightwish a Finlan. Epica ta biyo baya a Holan a 2002. A Amurka kuwa, ƙungiyar Metallica, wadda ba ta cikin wannan reshe, ta yi wasa tare da okestrar birnin San Francisco a watan Afrilun 1999 ƙarƙashin jagorancin Michael Kamen, kuma faifan wannan wasa ya nuna wa ɗimbin jama'a cewa haɗin zai yiwu.

A cikin waɗannan ƙungiyoyi, Nightwish ce ta fi dacewa a ɗauka a matsayin misali, domin tarihinta ya taɓo kusan kowane irin martani da masoya kan nuna. An kafa ta a Kitee, wani ƙaramin gari mai mutum kimanin 10,000 a gabashin Finlan, kusa da iyakar Rasha. Tuomas Holopainen, mai kaɗa kibod kuma marubucin mafi yawan waƙoƙin, shi ne ya kafa ta tare da Emppu Vuorinen mai jita da Tarja Turunen, wadda ta yi karatun waƙar gargajiyar Turai a makarantar Sibelius. Finlan ƙasa ce mai mutum kusan miliyan 5 da rabi, amma ta shahara da yawan ƙungiyoyin metal idan aka auna da yawan jama'arta, har Shugaba Barack Obama ya ambaci hakan a 2016 lokacin da ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashen arewacin Turai. Kundin Once na 2004, wanda aka naɗi kiɗan okestrarsa a Landan, shi ne ya fitar da Nightwish daga ƙananan zauruka zuwa manyan filaye na duniya.

Martanin masoya yana somawa tun kafin a buɗe ƙofa. A manyan birane, masu son tsayawa dab da dandamali kan iso tun da asuba, wasu ma tun cikin dare, da bargo da ruwan sha da ɗan abin taɓawa. A wurare da yawa su da kansu suke tsara layinsu. Wanda ya riga kowa zuwa sai ya ɗauki alƙalami yana rubuta wa duk wanda ya iso lamba a bayan hannu, ta yadda mutum zai je ya sayo shayi ko ya kewaya, ya dawo gurbinsa ba tare da gardama ba. Kusan kowa na sanye da baƙar riga mai sunan ƙungiyar a ƙirji, a bayanta kuma an jera biranen da aka zagaya a wata shekara. Rigar da ta koɗe ta fi sabuwa daraja a idon masoya, domin ita ke nuna mai ita ya daɗe a harkar. A layin nan ake ƙulla sabo. Baƙo da baƙo za su fara da tambayar wace shekara ka fara ganinsu, kafin la'asar sun zama abokai masu riƙe wa juna wuri. Taron kuma gauraye yake: matasa, magidanta masu furfura, mata da yawa, har da iyaye da suka zo da yara an rufe musu kunne da abin kariya.

Da zarar an kashe fitilun zaure, sai ihu ya tashi lokaci guda. Wannan ihu na farko ba a yi wa kowa shi, domin babu wanda ya fito tukuna. Jiran da aka daɗe ana yi ne ya sami hanyar fita. Daga nan kiɗan share fage ya soma fitowa daga lasifika a cikin duhu, makaɗan su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da tasa sowar. Mai ganga kan fara hawa kujerarsa, mai kibod ya tsaya bayan kayansa, masu jita su ɗauki gefe biyu. Mawaƙiya ce ke fitowa daga ƙarshe, kuma a lokacin ne ƙarar jama'a kan kai matuƙa. Abin da masu zuwa karo na farko suka fi ambata shi ne yadda jiki ke jin kiɗan kafin kunne ya gama tantance shi. Dukan babbar ganga yana bugun ƙirji, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin tafin ƙafa, idan kuma aka harba harshen wuta daga bakin dandamali, na sahun gaba kan ji zafinsa a fuska.

Akwai alamomin da duk masu bin kiɗan metal suka yi tarayya a kansu. Ɗaya ita ce ɗaga hannu da miƙe manuniya da ƙaramin yatsa, a lanƙwashe sauran. Mawaƙi Ronnie James Dio ne ya yaɗa ta, kuma ya sha faɗa cewa ya koye ta ne daga kakarsa 'yar asalin Italiya, wadda ke yin ta domin kare kai daga mugun ido. Ta biyu ita ce kaɗa kai gaba da baya daidai da bugun ganga, masu dogon gashi na wulwula shi. Ta uku ita ce buɗe da'ira a tsakiyar taro inda matasa ke gudu suna bangazar juna da kafaɗa. A wasannin simfonik metal wannan ta ukun ba ta da yawa kamar a sauran rassan metal, amma takan faru idan waƙa ta yi sauri. Mai kallo daga nesa zai ɗauka faɗa ake yi, alhali da'irar tana da ƙa'idarta: duk wanda ya faɗi, nan take za a tsaya a ɗaga shi, wanda ya tsinci waya ko takalmi zai ɗaga sama har mai shi ya gani. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Queensland ta Ostireliya a 2015 ya nuna cewa masoya irin wannan kiɗa mai tsanani, idan an fusata su sannan suka saurare shi, fushinsu bai ƙaru ba, hankalinsu ma kwanciya ya yi. Binciken ƙarami ne, amma ya yi daidai da abin da masoyan suka daɗe suna faɗa game da kansu.

Abin da ya bambanta taron simfonik metal da saura shi ne shiru. Waƙoƙin wannan salo dogaye ne, suna hawa suna sauka, kuma a tsakiyar hargowa sai jita da ganga su ɗauke, a bar fiyano da murya ɗaya tak. A irin wannan gaɓa dubban mutanen da suke ihu yanzun nan kan yi tsit. A nan ne ake ganin hawaye, ba a fuskar mata kaɗai ba, har da ƙarti masu gemu. Idan aka tambayi masoya dalili, amsoshin kan yi kama da juna. Wani zai ce waƙar ce ta raka shi lokacin da ya yi rashin mahaifi, wata ta ce ita ta riƙa ji a gadon asibiti, wani kuma ya ce tun yana ɗan makaranta yake sauraronta shi kaɗai a ɗaki, yau ga shi cikin dubbai masu irin zuciyarsa. Kalmar da ta fi yawa a bakinsu ita ce tsikar jiki ta tashi. Masana sun bibiyi wannan al'amari. A 2011 masu bincike a Jami'ar McGill da ke Montreal a Kanada sun nuna cewa ƙwaƙwalwa tana sakin sinadarin dofamin, mai alaƙa da jin daɗi, a lokacin da kiɗa ya kai ƙololuwar da ke tayar da tsikar jiki, har ma da 'yan daƙiƙoƙin da mutum ke jiran isowarta. Wannan ya bayyana dalilin da ya sa wanda ya haddace waƙa ya fi baƙo jin ta a jika: ya san abin da ke tafe, jiran kansa wani daɗi ne.

Bayan ihu da shiru, sai rera waƙa tare. A faifai, rukunin ƙwararrun mawaƙa ne ke ɗaukar wasu sassa. A filin wasa kuwa jama'a ne ke zama 'yan amshi, mawaƙiya ta miƙa musu makirufo su karɓa da murya ɗaya. Da yawansu Ingilishi ba harshensu ba ne, amma sun haddace baitocin tsaf. A Nightwish akwai kuma Troy Donockley, Bature ɗan Ingila mai busa wata algaitar jaka ta gargajiyar Ayalan. Idan ya shigo da busarsa, yanayin taro kan sauya gaba ɗaya: kaɗa kai ya koma tsalle da rawa, baƙi su riƙe kafaɗar juna suna juyawa.

Yadda ake nuna ƙauna ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma makaɗan sun san da haka. A Finlan da maƙwabtanta jama'a kan tsaya su saurara da natsuwa, su yi tafi mai ƙarfi idan waƙa ta ƙare. A Kudancin Amurka lamarin ya sha bamban. Masoya a Ajantina da Birazil da Chile kan tarbi makaɗa tun daga filin jirgi, su yi dafifi a ƙofar otel, a cikin zaure kuma ba baitoci kaɗai suke rerawa ba, har karin jita da na kibod suna bi da baki, tsakanin waƙa da waƙa kuma su ɗauko irin kirarin da ake yi a filin ƙwallo. Ba banza ba Nightwish ta zaɓi birnin Buenos Aires domin naɗar wasanta na watan Satumban 2018, a zagayen da ta yi na tuna tsoffin waƙoƙinta, wanda ya fito a faifan bidiyo a 2019.

Babu abin da ya gwada zuciyar masoya Nightwish kamar sauyin mawaƙiya. A ranar 21 ga Oktoban 2005 ƙungiyar ta rufe zagayenta na duniya da wani gagarumin wasa a zauren Hartwall na birnin Helsinki. Jama'a sun watse cikin murna, ba su san cewa bayan an sauka daga dandamali sauran 'yan ƙungiyar sun miƙa wa Tarja Turunen wasiƙar sallama ba, wasiƙar da aka kuma bayyana wa duniya. Labarin ya mamaye kafafen yaɗa labarai na Finlan, masoya kuma suka rabu gida biyu. Faifan bidiyon wannan dare, mai suna End of an Era, ya zama abin da ake kallo da wani ido daban, ana duba fuskokin makaɗan ana neman alamar abin da suka ɓoye.

Mawaƙa kusan 2,000 ne suka aika da muryoyinsu domin neman gurbin, a 2007 kuma aka sanar da Anette Olzon 'yar Suwidin. Muryarta ba ta opera ba ce, ta fi kusa da ta waƙoƙin zamani. Kundin Dark Passion Play da ta fara da shi ya samu kasuwa sosai, ta kuma jawo sababbin masoya, amma a filin wasa ta sha fama da masu auna ta da wadda ta gada, musamman idan aka zo tsoffin waƙoƙi. Wannan ya fito da wata gaskiya game da masoya: ƙaunarsu tana da zurfi, amma takan zo da jin cewa ƙungiyar mallakinsu ce, kuma wannan ji yana iya zama nauyi a kan ɗan Adam ɗin da ke tsaye a gabansu.

A ranar 28 ga Satumban 2012, a birnin Denver na Amurka, aka kwantar da Anette a asibiti ana dab da fara wasa. Maimakon a soke, sai aka fito aka tambayi jama'a ko a ci gaba, suka amince. Mawaƙa biyu da ke rakiyar ƙungiyar Kamelot mai buɗe fage, wato Elize Ryd da Alissa White-Gluz, suka hau dandamali riƙe da takardun baitoci, jama'a kuma suka ɗauki babban kaso na waƙar da bakinsu. Daren ya nuna iyakar abin da taro zai iya: ya riƙe wasa ko da babu mai jan waƙa. Anette dai ta nuna a fili cewa ba ta ji daɗin shawarar ba, kuma a ranar 1 ga Oktoba aka sanar da rabuwarta da ƙungiyar. A wannan rana ce Floor Jansen 'yar Holan, wadda ta yi suna a ƙungiyar After Forever, ta hau dandamali a birnin Seattle, bayan kiran gaggawa da ya ba ta kwanaki ƙalilan ta shirya.

Wasan da ya tabbatar da matsayinta shi ne na bikin Wacken, ranar 3 ga Agustan 2013. Wacken ƙauye ne mai mutum kusan 2,000 a jihar Schleswig-Holstein da ke arewacin Jamus, inda tun 1990 ake gudanar da ɗaya daga cikin manyan bukukuwan metal na duniya a filayen noma. Mahalarta kan kafa tantuna su kwana, idan an yi ruwa su wuni cikin taɓo, kuma 'yan kwana-kwanan ƙauyen ma suna da tawagar busa da ke yin wasa a bikin. A daren nan Nightwish ta yi waƙa 15 a gaban mutum fiye da 70,000. Wadda ta fi tsaya wa mutane a rai ita ce Ghost Love Score, mai tsawon kusan minti 10. A faifan asali waƙar kan dusashe a hankali har ta ɓace. Floor kuwa sai ta ɗauki ƙarshen ta riƙa hawa da shi mataki-mataki, ta haɗa muryar opera da muryar ƙirji mai ƙarfi, ta riƙe sautin ƙarshe a sama yayin da tartsatsin wuta ke tashi. Kyamara ta nuna fuskokin sahun gaba, wasu baki buɗe, wasu hannu a ka, kafin sowa ta ɓarke. An fitar da wasan a faifan Showtime, Storytime, kuma a watan Oktoban wannan shekara aka tabbatar da Floor da Troy a matsayin cikakkun 'yan ƙungiya.

Wannan bidiyo ya haifar da wani sabon nau'in martani. A YouTube, malaman koyar da murya da mawaƙan wasu salo da talakawan masu sauraro sun riƙa ɗaukar kansu suna kallonsa karo na farko, masoya kuma na bin su ɗaya bayan ɗaya domin su ga yadda fuskar baƙo za ta sauya idan an iso ƙarshen waƙar. Mai yin haka yana neman ya sake ɗanɗana mamakinsa na farko ta idon wani. Ta wannan hanya mutane da yawa a nahiyoyin da ƙungiyar ba ta cika zuwa ba suka san ta, wasu kuma daga nan suka ƙudura sai sun gan ta a zahiri.

A ranar 19 ga Disamban 2015 Nightwish ta cika zauren Wembley na Landan, ita ce ƙungiyar Finlan ta farko da ta jagoranci wasa a wurin. Ta rufe da waƙar The Greatest Show on Earth, wadda a faifai ta kai kusan minti 24, kuma jigonta tarihin rayuwa ne a doron ƙasa bisa mahangar kimiyyar Charles Darwin. Masanin halittu Richard Dawkins, wanda aka san shi da sukar addini, ya fito da kansa ya karanta jawabin rufewa. Zauren ya karɓe shi da tafi, sai dai ba duka masoya ne suka yi na'am da wannan alƙibla ba, domin a cikinsu akwai masu riƙo da addini da ke son kiɗan amma ba su yarda da saƙon ba. Taron da ke rera waƙa da murya ɗaya ba lalle ne ra'ayinsa ya zama ɗaya ba.

Masoya suna da ƙorafe-ƙorafensu, kuma mafi girma shi ne batun okestra. Ɗaukar makaɗa 60 ko 70 ana yawo da su birni-birni abu ne mai tsadar gaske, ga kuɗin jirgi da masauki, ga wahalar daidaita sautin goge da na jitar lantarki a dandamali ɗaya. Saboda haka mafi yawan ƙungiyoyi, har da Nightwish, naɗaɗɗen kiɗan okestra suke sakawa daga kwamfuta, mai ganga kuma yana jin bugun lokaci a kunnensa domin kada a saɓa. Illar hakan ita ce wasa ba ya iya miƙewa ko gajarcewa yadda yanayin taro ya buƙata. Wasu masoya na ganin an rage musu wani abu, wasu kuma na cewa muddin murya da jita da ganga na gaske ne, sun gamsu. Wannan ne ya sa wasannin da aka yi da okestra ta zahiri ke da daraja ta musamman. Within Temptation ta yi irinsa a zauren Ahoy na Rotterdam ranar 7 ga Fabrairun 2008 tare da okestrar Metropole, aka fitar da shi da sunan Black Symphony. Epica ta yi a birnin Miskolc na Hangari a 2008, ta sake yi a Eindhoven ranar 23 ga Maris 2013, a wasan da ya ɗauki kusan sa'a 3 kuma ya jawo masoya daga ƙasashe da dama.

Sauran ƙorafe-ƙorafen sun haɗa da rashin kyawun sauti a wasu zauruka, inda ganga kan danne murya. Da jerin waƙoƙin da aka zaɓa, domin tsoffin masoya na son na da, sababbi na son na yanzu. Da tsadar tikiti da ta riguna. Da kuma wayoyin da ake ɗagawa sama suna tare wa na baya gani. Irin wannan suka daga masu ƙauna take fitowa, shi ya sa takan zo dalla-dalla: mutum zai faɗi waƙar da aka tsallake, da gaɓar da murya ta gaza, da inda ta wuce yadda ake zato.

Akwai kuma batun lafiya, wanda bai kamata a yi wasa da shi ba. Ƙarar manyan wasanni kan kai desibel 100 ko fiye, alhali ma'aunin da aka saba bi a wuraren aiki shi ne desibel 85 na tsawon sa'a 8. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 na cikin haɗarin lalacewar ji saboda sauraron ƙara mai yawa, a 2022 kuma ta fitar da ƙa'idar da ta nemi kada matsakaicin ƙara a wuraren wasa ya wuce desibel 100. Ƙarar da mutum ke ji a kunne bayan an tashi alama ce ta cewa kunnen ya jigata. Shi ya sa gogaggun masoya ba sa rabuwa da abin toshe kunne, musamman irin wanda ke rage ƙarfi ba tare da ɓata sauti ba. Cunkoso ma haɗari ne. Mutuwar mutum 9 a bikin Roskilde na Denmak a shekarar 2000, lokacin wasan ƙungiyar Pearl Jam, ta sa aka sake fasalin shingaye da tsarin tsaro a bukukuwan Turai, kuma a yau ma'aikatan tsaro na tsaye tsakanin dandamali da sahun gaba suna miƙa ruwa, suna ciro wanda ya galabaita.

Idan makaɗa suka jeru suka rusuna, mai ganga ya jefa sandunansa cikin taro, ma'aikata suka miƙa wa na gaba takardar jerin waƙoƙi da aka manna a dandamali, wasa ya ƙare, amma martani bai ƙare ba. Masoya kan fita murya a dishe, ƙafa na ciwo, suna bitar abin da suka gani, kuma da yawa na ba da labarin wata irin kewa da ke sauko musu kwana ɗaya ko biyu bayan haka. Darajar wannan haɗuwa ta fito fili a lokacin annobar korona. Nightwish ta fitar da kundi a watan Afrilun 2020 ba tare da damar zagaye ba, sai a watan Mayun 2021 ta yi wasa biyu ta intanet a cikin wani zaure da aka zana da kwamfuta. Jama'a da yawa daga ƙasashe daban-daban sun sayi tikiti sun kalla daga gida, amma da aka buɗe ƙofofi sun koma filaye da ɗokinsu. A 2023 ƙungiyar ta sanar da dakatar da zagaye har sai abin da hali ya yi, kundinta na 2024 mai suna Yesterwynde kuma ya fito ba tare da wasannin raka shi ba, abin da ya sa waɗanda suka samu ganinta ke ƙara riƙe abin da suka gani da muhimmanci.

Idan aka tattara waɗannan duka, martanin masoya simfonik metal yana tsaye ne a kan abubuwa uku. Na farko, ƙarfin sauti da jiki ke ji kai tsaye, wanda babu lasifikar gida da za ta bayar. Na biyu, ganin ɗan Adam yana ɗaukar waƙa mai wuyar gaske a gaban jama'a, inda babu damar gyara idan murya ta zame. Wannan ne ya sa mawaƙiya ta zama cibiyar yabo da ta suka baki ɗaya. Na uku, kasancewa cikin taron da ya san waƙar, ya rera ta, ya yi shiru a inda ya dace, ya kuma ɗaga wanda ya faɗi. Okestra na iya fitowa daga kwamfuta, wuta da hayaƙi na iya zama tsararru, amma waɗannan ukun sai an hallara a wuri ɗaya ake samunsu, kuma su ne ma'aunin da masoya ke auna kowane wasa da shi.